Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Mahukuntan Lafiya na Jihar Kano: Batun Bitamin D da Mamatanmu na Lokacin Korona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe. Ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina kuma roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku, don kula da lafiyar jama'a a gari mai cika irin Kano ba ƙaramin kaya ba ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma unguwarzoma, na yi shekara 35 a bakin aiki kafin na ajiye. A cikin birni aka yanke min cibiya, a nan kuma nake zaune har gobe. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba. Ina magana ne da yawun ire-irena, tsofaffin ma'aikatan lafiya da unguwa ta mayar da gidajenmu ƙaramin asibiti, waɗanda ake yi wa sallama bayan isha'i da kwalbar magani a hannu ana cewa, "Hajiya, don Allah duba mana wannan." Ina magana da yawun matan da ke jinyar iyaye da surukai a ɗakunan cikin lungu. Sannan da yawun iyalan da suka binne tsofaffinsu a watan Afrilun 2020, suka rungumi ƙaddara, amma har yau akwai tambayar da ke ci musu rai.

Dalilin wasiƙar tawa wani saƙon murya ne. Na san shi tun lokacin korona, kuma duk sanda iskar hunturu ta fara kaɗawa, tari da mura suka shiga gidaje, sai ya sake tasowa a WhatsApp, yau da muryar namiji, gobe da ta mace. Abin da yake cewa a taƙaice, wai korona ba ta kashe kowa ba sai wanda bitamin D ya yi ƙaranci a jininsa, wai likitocin Turai sun gano haka aka toshe musu baki don a sayar da allurar riga-kafi, wai duk mai shan ƙwayar kullum babu ciwon numfashin da zai kusance shi. A mako guda mutum uku suka turo min, har da wata malamar makaranta mai digiri. Na kasa kunne ko zan ji wani mai hurumin magana ya warware wa mutane zare da abawa da Hausar da za su gane, ni dai ban ji ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa shirun masu ilimi ce.

Bari na koma baya kaɗan, ko da yake ba wanda ya manta. Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Kafin watan ya ƙare, masu haƙar kabari a Dandolo da sauran maƙabartun birni sun fara faɗa wa 'yan jarida cewa ba su taɓa ganin irin wannan ba. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama, ga dokar kulle, ga gawa na bin gawa. Ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya rufe Kano na mako biyu. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana abin da tawagar da aka turo ta gano: mutum 979 aka binne a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, ana rasa kimanin 43 a rana maimakon 11 da aka saba. Kashi 56 cikin ɗari a gida suka cika. Yawancinsu sun haura shekara 65. Kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari kuma ana zaton korona ce sanadi, ko kuma ita ta tayar da ciwon da dama suke fama da shi. Ku duba inda aka samo wannan lissafi: daga littafin maƙabarta, da kuma bin iyalai ana tambayarsu yadda mamacin ya yi kafin ya cika. Ba wanda ya ɗebi jinin waɗannan bayin Allah ya auna komai a ciki. To wanda ke rantsuwa a saƙon murya cewa ƙarancin bitamin D ne ya kashe su, a ina ya gani?

Baffana yana cikin waɗanda suka tafi a watan. Shekararsa 78, yana da ciwon suga, ciwon gwiwa kuma ya hana shi fita ko masallacin ƙofar gida kusan shekara biyu. Zazzaɓi ya yi kwana uku, ranar ta huɗu numfashi ya sarƙe, kafin asuba rai ya yi halinsa. Bayan wasu watanni ɗansa, wanda ƙanena ne, ya zo wurina da wayarsa a hannu, babban mutum mai 'ya'ya shida, idonsa ya yi ja. Ya kunna min saƙon nan ya ce, "Yaya, ashe da na sayo wa Baba ƙwayar nan da yanzu yana nan?" Wannan ne kokena na farko, ranku ya daɗe. An bar mutanen da suka yi iya ƙoƙarinsu suna ɗauke da laifin da ba nasu ba, alhali amsar tambayarsu tana nan a rubuce, ba a dai kawo musu ita da harshensu ba.

Ga amsar yadda na fahimce ta, kuma likitocinku sun fi ni saninta. Bitamin D ba kamar sauran bitamin ba ne da sai an ci ake samu. Fatar mutum ce ke ƙera shi idan hasken rana ya sauka a kanta, sai hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa aikin. Babban amfaninsa da aka daɗe da sani shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam, wanda da shi ƙashi ke ginuwa. Yana kuma da hannu a aikin garkuwar jiki, wannan ba ƙarya ba ne. Tun 2017, korona ba ta ma zo ba, masana suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan mutum wajen dubu 11, suka ga shan bitamin D yana ɗan rage kamuwa da cututtukan hanyar numfashi. Amfanin ya fi fitowa ga wanda dama nasa ya yi ƙasa ƙwarai, kuma yana shan kaɗan kullum ko mako-mako, ba lodi guda ba.

Saboda haka da korona ta ɓarke, ba abin mamaki ba ne likitoci a ƙasashe da dama suka fara auna jinin majinyata. Sun kuwa ga abin da aka yi ta yaɗawa: waɗanda ciwon ya fi tsananta a kansu, da waɗanda suka rasu, bitamin D ɗinsu ya fi na saura ƙasa. Har nan saƙon muryar bai yi ƙarya ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Su wa ke da ƙarancin bitamin D tun asali? Tsoho, wanda fatarsa ta rage ƙera shi. Mai ƙiba. Mai ciwon ƙoda. Wanda jinya ta kwantar a ɗaki ya daina ganin rana, irin Baffana. Su wa korona ta fi kashewa? Su ɗin dai. Ƙari a kan haka, ciwo mai tsanani da kansa yana saukar da adadin da ake gani a jini, wato sau da yawa ciwon ne ya jawo ƙarancin, ba ƙarancin ne ya jawo ciwon ba. Idan aka ƙirga mamatanmu na Afrilun nan za a tarar yawancinsu masu furfura ne. Ba mai hankalin da zai ce da sun rina gemu da lalle da ba su mutu ba.

Hanyar raba gardama a aikinmu guda ce: a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa wasu maganin a hana wasu, sannan a zuba ido. An yi hakan. Na farko da ya tayar da ƙura a 2020 an yi shi ne a Ƙurɗuba ta ƙasar Sifaniya, garin da ake jingina Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri gare shi. Majinyata 76 ne kacal, kuma cikin 50 da aka ba maganin mutum ɗaya ne ya shiga ɗakin kulawa ta musamman, cikin 26 da ba a ba ba kuwa 13 suka shiga. Kowa ya yi murna, har ni. Sai dai mutum 76 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Da aka sake gwadawa a Burazil da majinyata 240, aka ba rabinsu IU 200,000 a tashi ɗaya (IU shi ne ma'aunin da ake lissafa yawan bitamin D da shi), sakamakon da ya fito a farkon 2021 bai nuna ragin kwanakin jinya ba, bai kuma nuna ragin mutuwa ba. A 2022 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito, ɗaya daga Birtaniya mai mutum 6,200, ɗaya daga Norwe mai mutum sama da dubu 34 da aka ba rabinsu man hantar kifi mai ɗauke da bitamin D a lokacin sanyi. Duka biyun ba su ga ragin kamuwa da korona ba. Akwai kuma wani rahoto da aka ce daga Indunusiya ya fito, mai majinyata 780, wanda shi ne ya yi ta yawo a intanet yana cewa kusan duk masu ƙarancin sun mutu. Da likitocin ƙasar suka nemi waɗanda suka rubuta shi ba su same su ba, daga baya aka janye shi. Takardar ta mutu, amma zancenta na nan yana yawo a wayoyin matan Kano.

Zancen wai an ɓoye maganin don yana da arha kuwa, ina da tambaya guda. A watan Yunin 2020 masu bincike a Birtaniya suka sanar cewa dexamethasone, magani mai arha ƙwarai a kemis, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga majinyatan da aka sa wa na'urar numfashi. Cikin kwanaki duniya ta karɓa. Da arha ce ke sa a ɓoye magani, ai da shi aka fara ɓoyewa. (Kada wata ta ji wannan ta ruga kemis. Na asibiti ne, ga wanda ke kan iskar oksijin. Mun ga abin da yake yi wa 'yan matan da ke shansa don su yi ƙiba.)

Abin da ya burge ni da yadda Birtaniya ta yi shi ne ta faɗi magana biyu a lokaci guda, kowacce a muhallinta. A Disambar 2020 hukumarsu mai tantance magunguna da hanyoyin jinya ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ba mutum bitamin D don maganin korona ko kariya daga gare ta. A lokacin sanyin nan kuma gwamnatinsu ta ware shi kyauta ga mutum wajen miliyan 2.7 masu rauni da mazauna gidajen tsofaffi, don lafiyar ƙashi da tsoka, saboda sun daɗe a kulle ba sa ganin rana. Ba su ce maganin annoba ba ne, ba su kuma ce shirme ba ne. Irin wannan magana mai fuska biyu ita mutanenmu ba su samu ba.

Kokena na biyu ya shafi abin da ake sha. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, a kitsen jiki yake taruwa. Abin da babban mutum ke buƙata a rana IU 600 ne, wanda ya wuce shekara 70 kuma 800, jariri 400, iyakar da masana suka sa wa mai lafiya ya sha kullum ba tare da kulawar likita ba kuwa 4,000 ce. A kasuwa akwai ƙwaya mai 50,000, wadda likita kan rubuta wa mai ƙarancin da aka tabbatar, ya sha sau ɗaya a mako na ɗan lokaci. Wata maƙwabciyata mai hawan jini an sayar mata da irin wannan aka ce ta riƙa sha kullum safe, ta kuwa ƙara da wata ƙwayar kalsiyam don an ce tare suke tafiya. Bayan wata biyu da wani abu ta zo min da ƙishirwar da ba ta yankewa, yawan fitsari, amai, ga ciki ya ɗaure, ga kasala. Danginta sun fara cewa ko sammu ne. Kwalbar kawai na ce a ɗauko min. Da aka kai ta asibiti aka tarar kalsiyam ya yi yawa a jininta, ƙodarta ta fara galabaita. Allah ya yi da sauran kwana. Wanda ya sayar mata ba mugu ba ne, yaro ne da ya koyi sayar da magani a wurin ubangidansa, shi ma saƙon nan ya ji. Mun ga makamancin wannan a Legas a watan Maris na 2020, da mutane suka afka wa kulorokwin bayan Shugaba Trump ya yabe shi, har aka kwantar da wasu a asibiti. An yi ƙoƙari a 2024 da aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro don a samu sa ido. Amma ƙwayoyin da ake kira na ƙarin lafiya yanzu ba sai ta kasuwa suke shigowa gida ba. Ta waya ake tallarsu, a ɗan sahu ake kawo su har ƙofa, wasu ma tsarabar Umara ce.

Illar da ta fi wannan ba a ganinta da ido. Tsohon da aka gamsar cewa ƙwayar nan garkuwa ce, shi ne zai ƙi allurar riga-kafi, shi ne zai zauna a gida numfashi na sarƙewa ana ƙara masa wata ƙwayar har lokacin oksijin ya wuce.

Yanzu ga ɗaya fuskar, wadda a ganina ta fi ta korona nauyi, kuma ita ce kokena na uku. Duk sanda na tayar da zancen ƙarancin bitamin D a gaban abokan aiki, dariya ake yi: "Hajiya, a Kano? Wannan ranar da ke narka kwalta?" Haka ne, rana muna da ita har ta yi yawa. Amma a sama take, sai ta taɓa fata take aiki. A 2020 aka haɗa binciken da aka yi a ƙasashen Afirka daban-daban, aka ga kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba, abin kuma ya fi yawa ga mazauna birane, da mata, da jarirai sabbin haihuwa. Baƙar fata kariya ce daga ƙunar rana, amma tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta ƙera adadi ɗaya. Hasken da ke yin aikin ba ya ratsa gilashin taga. Ƙurar hunturu tana rage shi. Ranar sassafe da ake cewa ita ce mai bitamin ma ba ta da ƙarfin da ake zato, sai ta ɗaga zuwa walaha, lokacin da inuwar mutum ta fara gajarta.

Ku shiga lungunan Dala da Gwale da Fagge ku ga yadda gidaje suka koma. Gidan da na tashi a ciki tsakar gidansa ta ishi a shanya hatsi a yi daka, mata na wanki da girki da kitso a fili, ba baƙon ido, rana kuwa na dukan hannu da ƙafa da wuya ba tare da kowa ya san magani yake sha ba. Yau an raba gado, an yanka gidan huɗu, kowa ya ja katanga ya rufe rabonsa da kwano saboda ruwa da ɓarayi. Akwai matar da za ta yi mako ba ta tsaya inda rana ke sauka ba, idan ta fita kuma a rufe take daga ɗan sahu zuwa cikin wani gidan. Ba suturar nake zargi ba, ni ma ita nake sawa. Iyayenmu sun yi kulle sun yi lulluɓi, amma suna da tsakar gida. Mai jego za ta yi kwana arba'in a ɗaki da jaririnta, nonon uwa kuwa, duk albarkar da ke cikinsa, bitamin D ɗinsa kaɗan ne. Mai takaba za ta yi wata huɗu da kwana goma, kuma Afrilun 2020 ya bar mana masu takaba da yawa, galibinsu tsofaffi. Maza ma ba su tsira ba: ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke shiga shago a ƙasan bene da hantsi ya fito da magariba, da ma'aikacin da ke fita daga mota mai sanyi ya shiga ofis mai sanyi.

Sakamakon wannan ni a ɗakin awo da ɗakin haihuwa na gan shi, ba a takarda ba. Mace za ta zo da ciwon baya da ƙugu da cinyoyi, ba ta iya miƙewa daga tabarma sai ta dafa bango, kowa ya ce mata sanyi ne, ta sha saiwa ta sha jiƙo shekara da shekaru. Yaro ɗan shekara biyu ƙafa ta gwame ko ta lanƙwashe kamar baka, wuyan hannu ya kumbura, tafiya ta yi jinkiri, a ce gado ne, haka kakansa yake. Yarinyar da ƙashinta ya tashi a haka, ƙugunta na iya tsukewa, ranar haihuwarta ta fari mu ne muke ganin tashin hankalin.

A nan ma sai an yi hattara, don ilimin da aka samo a ƙasarmu ya nuna ba kowane gwame ne na rashin rana ba. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun gwada yara 123 masu wannan lalura, aka buga sakamakon a 1999: waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Wato yaranmu da yawa abincin ne ba shi da kalsiyam. An yaye yaro an ɗora shi a kan koko da tuwon masara, nono da madara sun fi ƙarfin aljihun uban. Daga baya ma sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙashinsa, ya yi aiki. Kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifi, duk suna kasuwar Rimi. Kifin gwangwani da kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai kuma suna ɗauke da bitamin D. Wannan bincike a Filato aka yi shi, tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba daga nan, amma uwa nawa a Kano ta taɓa jin labarinsa?

Koke na huɗu gajere ne. Ba ma ƙirga mamatanmu yadda ya kamata. Musulmi ne mu, muna gaggauta jana'iza, kuma daidai ne. Amma rubuta suna da shekaru da alamun ciwo ba ya jinkirta sutura. Da akwai wannan rajista a 2020, da tun makon farko an ga tashin lissafin, ba sai masu haƙar kabari sun yi kururuwa ba. Annoba kuwa ba ta yi bankwana da mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona a watan Mayun 2023, a shekarar nan kuma mashaƙo na cin yaranmu, Kano ce kan gaba a ƙasar.

Na san abin da za a ce: Kanawa ba sa yarda da hukuma a kan magani. Akwai dalili. Garin da aka gwada wa 'ya'yansa maganin Trovan a lokacin sanƙarau na 1996 ba za a ga laifinsa ba idan ya yi ɗari-ɗari, kuma kowa ya san yadda aka dakatar da allurar shan inna a 2003. Amma garin nan dai shi ne ya dawo ya karɓa, da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga gida-gida suna bayani, har aka wayi gari a 2020 an tabbatar nau'in shan inna na asali ya kau daga Afirka. Mutanenmu suna jin magana idan an zauna da su an faɗa musu gaskiya dukanta, har da inda ba ta yi daɗi ba.

Don haka ga abin da nake roƙo, ranku ya daɗe.

Kafin hunturun bana ya fita, ku sa likita da masanin magunguna su zauna a gidajen rediyon Kano, a lokacin da mata ke saurare, su amsa saƙon nan kai tsaye. Su ce bitamin D ba maganin korona ba ne, ba ya maye gurbin riga-kafi, yawansa na lalata ƙoda, kuma ƙarancinsa gaskiya ne ga wanda ba ya ganin rana. A naɗi bayanin a gajeren saƙon murya shi ma ya shiga WhatsApp, tunda can ne fagen. A ba limamai da malaman Islamiyya na mata shi a rubuce, da boko da ajami.

Ku nemi masananmu na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su auna jinin mutanen gari, a kuma ba su kuɗin yin hakan. Ba waɗanda suka kawo kansu asibiti kaɗai ba, a bi gidaje a ƙananan hukumomi takwas ɗin nan, a haɗa da masu ciki da masu jego da tsofaffin da ke kwance da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a yi da bazara a sake yi da hunturu. Daga nan su faɗa mana, da irin fatarmu da irin ranarmu, minti nawa ya isa kuma da wane lokaci, don kada a ɗauko lissafin Ingila a ɗora mana, kada kuma wata ta shanya jariri a ranar Afrilu. A wallafa sakamakon da Hausa. Gwajin yana da tsada ga talaka, shi ya sa nake roƙon a sa shi cikin abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ke biya, ko da ga masu alamun ciwon ƙashi ne kawai.

A wurin awon ciki da wurin allurar yara, a koya wa ma'aikata duba wuyan hannu da ƙafar yaro, da yi wa uwa tambaya guda: rana tana shiga gidanku? Makon lafiyar mata da yara da ake raba bitamin A sau biyu a shekara ya riga ya kai ƙofar kowa, ƙara wannan tambaya ba zai ci ko sisi ba. Inda aka ga buƙata a ba da ɗigon jarirai da ƙwayar masu ciki a ma'aunin da ya dace. Ku kuma yi magana da masu ba da izinin gini, a riƙa barin ko ɗan fili ne a buɗe a tsakar gida.

Ƙwaya mai IU 50,000 kada a sayar da ita sai da takardar likita. Ku haɗa kai da NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna a bi masu talla a waya da masu lasifika a bakin kasuwa da ke cewa tana maganin annoba.

Sannan kowace maƙabarta a birnin nan a ba ta littafi da ma'aikacin da ake biya, a riƙa tattara lissafin duk mako, ta hannun masu unguwanni ko ta waya.

Ƙanen nan nawa har yau saƙon yana cikin wayarsa, bai goge ba. Na zaunar da shi na yi masa duk bayanin da na yi muku, ya gyaɗa kai ya yi godiya, amma na san ya ɗauke ni ne a matsayin yayarsa mai rarrashi. Ina so ya ji daga bakinku. Ranar da za a yi shirin, ku sanar da wuri, zan kira shi mu saurara tare.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
daga cikin birnin Kano.